Mama Za Ta Shiga Rumbun Dawwama

Ranar da Auta ta dawo daga aiki da labarin, Mama tana tsakiyar yanka albasa, saura ƙiris ta haɗa da yatsanta.

"Sake faɗa in ji," in ji Mama.

"Cewa na yi Darakta yana neman tsofaffi. A kashi na ƙarshe za a nuna cikin Rumbu, ana buƙatar fuskoki da yawa. Ya ce duk ma'aikacin da iyayensa ke kusa ya kawo su."

Da wata rana ce, kalmar "tsofaffi" kaɗai ta isa ta jawo wa Auta huɗubar da sai abinci ya huce ba a gama ba. Yau ko gezau. Mama ta jefar da wuƙa, ta rungume 'yarta da hannu duk albasa, ta sake ta, ta zagaya kicin, ta dawo ta sake rungume ta.

Wanda bai san Mama ba zai ɗauka zumuɗin ya yi yawa. Shirin nan, "Masu Tafiya Nesa", tun da gidan talabijin ya fara nuna shi bai taɓa wuce ta ba. Labarin wasu mutane ne cikin wani ƙaton jirgi a sararin samaniya, sun kama tafiyar da ba mai ganin ƙarshenta da ransa. Shi ya sa suka ƙera wata na'ura da suke kira Rumbun Dawwama. Idan mutum ya kusa cikawa, sai ta kwashe tunaninsa da muryarsa da dariyarsa ta adana, ya ci gaba da zama a ciki har abada. Ba a taɓa nuna cikin Rumbun ba. Ƙofarsa kawai ake gani, baƙa wuluk, da wani shuɗin haske yana leƙowa ta ƙarƙashinta. Mama ta yi wa ƙofar nan kallon da ba ta yi wa ƙofar kowa ba. Tana faɗa da talabijin, tana ba Kyaftin ɗin jirgin shawara, ranar da aka saka matarsa a Rumbu kuwa da jan ido ta raba abinci.

Abin haushin, Auta ce ke yanka hotunan shirin tana haɗawa a kwamfuta, ta san komai kafin kowa, amma bakinta gam. Mama ta yi lallashi, ta yi fushi, ta tuna mata wahalar goyonta, duk a banza.

"Yaya ake yi?" Mama ta tambaya tana share hannu da gefen zani. "Me za mu ce? Za a ba mu takarda mu haddace?"

"Ba takarda. Za ki zauna gaban kyamara, jar fitila ta kama, ki faɗi abin da kike so ya rage daga gare ki har abada. Fitila na mutuwa, shi ke nan. Kuma ba ta daɗewa, Mama. Na faɗa miki tun yanzu."

"Ni za ki koya wa taƙaita magana?"

Auta ta kalli silin.

Kafin magariba layin gaba ɗaya ya ji. Mai shago ya ji, matar mai wanki ta ji, har mai kawo gas da ya zo sauke tukunya bai tsira ba. Maƙwabciyarsu ta jikin katanga ta riƙe haɓa ta ce ita fa wannan dawwama ba ta kwanta mata ba. Mama ta ce, "Fim ne, baiwar Allah, fim! Ba cewa aka yi na fasa mutuwa ba." Washegari ta kai wa tela yadin da ta daɗe tana ɓoyo, ta tsaya a kansa har ya auna ta sau biyu. Ta fara tsara jawabi a gaban madubin ɗaki. Farkonsa "Ya ku mutanen gobe", tsakiyarsa nasiha kan haƙuri da tsafta, ƙarshensa kuwa ita kanta sai da ya sa ta ƙwalla.

Amma ba jawabinta ne ke hana ta sukuni ba. Na Baba ne.

Baba mai gyara ne. Fanka, dutsen guga, rediyo, injin markaɗe, duk abin da ya tsaya a layin nan teburinsa yake ƙarewa. Hannunsa na magana, bakinsa kuwa sai a hankali. Kalmominsa na yau da kullum ba su wuce "to", "ya yi" da "za a duba" ba. Ita kanta Mama "ke" yake ce mata, tun suna amarya da ango har jikoki suka zo. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai taɓa barin ta da yunwa ba, da ta yi ciwon ƙafa shi ya riƙa goya ta zuwa mota. Duk ta san wannan. Sai dai ita mutum ce ta kunne. Tana so, ko sau ɗaya a rayuwa, ta ji ya buɗe baki ya faɗi matsayinta a wurinsa. Da can tana cewa akwai lokaci. Tun da likita ya ƙara masa ƙwaya a kan waɗanda yake sha, ya kuma hana shi ɗaukar kaya mai nauyi, ta daina cewa haka.

Yanzu ga kujera, ga kyamara, ga tambayar da ba ta da wurin zillewa. Idan bai faɗa a nan ba, ba zai taɓa faɗa ba.

Da safe ta nufi kicin, ƙofar ta cije kamar kullum. Wannan ƙofa ita ce abin kunyar gidan. Ta tura, ta doka da kafaɗa, ta ɗaga murya.

"Malam! Ƙofar nan!"

Sai ga jan silifas ɗinsa daga tsakar gida. Ya zo, ya sa hannu, ya yi wani abu da ba ta taɓa tsayawa ta duba ba, ƙofa ta buɗe salin-alin.

"Mutumin da ya gyara fankar kowa a layin nan," in ji Mama, "amma ƙofar gidansa ta gagare shi."

"Za a duba."

"Tun Auta na rarrafe ake dubawa. Af, ka ji zancen Rumbu ko? Har da kai fa."

"To."

"Ka shirya abin da za ka ce?"

"Za a samu."

Ta zuba masa shayi, ta zauna tana juya nata da cokali. "Na ji an ce wasu mazan matansu za su ambata," ta ce, ba ta kalle shi ba.

"Haka ne," in ji Baba, ya kurɓi shayinsa.

Ranar ɗauka, tun kafin direban tasi ya gama tsayawa Mama ta buɗe ƙofa. Auta ta tarbe su a bakin get ta shiga da su wani makeken ɗaki mai sanyi, wayoyi ko'ina a ƙasa, fitilu na reto a sama. Tsofaffi sun cika benci-benci, kowa ya ci ado. Mama ba ta ko gaishe su ba, don idonta ya riga ya faɗa kan abin da ke jingine a kusurwa.

Ƙofar Rumbu ce. Katako ne aka shafa wa baƙin fenti, an tokare bayansa da buhun yashi. Shuɗin hasken da ya sha sa tsigar jikinta tashi kuwa, doguwar fitila ce aka naɗe da leda. Wani zai ji an cuce shi. Mama ta shafa katakon da tafin hannu tana dariya. "Kai, mutanen nan shaiɗanu ne! Malam, zo ka gani, leda ce!" Baba ya duƙa ya leƙa yadda aka haɗa wayar, ya gyaɗa kai, ya ce ya yi.

Tana juyowa ta yi ido huɗu da Kyaftin. Yana zaune a kan akwati, rigar jirgi a sama, gajeren wando a ƙasa, yana cin burodi.

"Kai ne!" in ji Mama. "Yaro, ina da magana da kai. Me ya hana ka riƙe hannun matarka ranar da za a saka ta? Ka tsaya ƙiƙam kana kallon bango!"

Kyaftin ya miƙe da burodi a baki. "Mama, haka aka rubuta mini."

"Ko an rubuta, ba ka da zuciya?"

Da ƙyar Auta ta janye ta zuwa wurin mai kwalliya, aka shafa mata hoda, aka maƙala mata wata 'yar na'urar ɗaukar murya a bakin riga. Layi na tafiya. Wani tsoho ya lissafa sunayen 'ya'yansa, fitila ta mutu bai kai rabi ba. Wata ta rera waƙar reno. Wani ya yi ta kallon kyamara yana murmushi har lokacinsa ya ƙare. Mama tana ta maimaita nata a zuci.

Aka kira ta. Kujera ce guda a gaban wani koren ƙyalle, Auta ta ce bangon Rumbu da kwamfuta za a saka shi daga baya. Darakta, wani siririn mutum mai muryar da ta fi jikinsa, ya ce, "Mama, kin shirya? Ki saki jiki." Ta gyara zama, ta ɗaga haɓa. Jar fitila ta kama.

Ta ja numfashi za ta ce "Ya ku mutanen gobe", sai idonta ya sauka kan Baba. Yana tsaye gefen kyamara yana jiran layinsa, hannuwa a baya, kwalar rigarsa ta hagu ta lanƙwashe ta shige ciki. Mama ta ɗauke kai. Ta sake jan numfashi. Idon ya koma da kansa.

"Malam, gyara kwalar rigarka," ta ce. "A'a, ba nan ba, ɗaya gefen. Haba don Allah, haka za ka shiga gaban mutane? Sai ka ce ba ka da mai duba ka. Matso nan in gyara maka."

Fitila ta mutu.

"Ya yi!" Darakta ya buga tafi. "Na gaba!"

"Wane irin ya yi? Ban fara ba!"

"Mama, wallahi tun safe ba a yi mai kyan wannan ba."

"Ɗana, ka rufa mini asiri. Ina da jawabi. Ko rabinsa ne ka bar ni in yi."

Ya nuna mata layin da ya rage, ya ce idan ya sake wa mutum ɗaya, sai ya sake wa kowa. Mama ba ta haƙura ba. Ta bi mataimakiyarsa har baranda tana kawo hujjoji, ta karanta mata farkon jawabin don ta ji irin asarar da ake shirin yi. Tana cikin nasihar tsafta sai ga Baba ya fito yana goge hoda da hankici.

"Har ka yi?"

"Na yi."

"Me ka ce?"

"Ba wani abu ba."

Duk hanyar gida ba ta yi wa kowa magana ba, abin da ya sa direban tasi ya riƙa leƙenta ta madubi ko lafiya. Haushi biyu ne ya haɗe mata: ta zubar da nata, ta kuma rasa nasa.

Amma Mama ba ta iya dogon baƙin ciki ba. Bayan 'yan kwanaki Auta ta dawo daga ɗakin haɗa hoto idanunta jajir. Ta wuce uwarta, ta je ta zauna kusa da teburin Baba tana miƙa masa sukundireba, abin da rabonta da yi tun tana makarantar firamare. Mama ta lura. Ta ja ta gefe.

"Kin ga nasa ko? Me ya ce?"

"Ki jira ranar, Mama."

"Ya ambace ni?"

"Ki jira."

Wannan jan ido ya ishi Mama shaida. Ashe mutumin ya yi magana! Ashe duk shekarun nan tara ta yake yi! Nan take zumuɗi ya dawo sabo fil. Ta aika wa yayyen Auta cewa kowa ya kunna talabijin a inda yake. Ta gayyaci maƙwabciya, da matar mai wanki, da tela, da mai shago. Ta gargaɗe su tun da wuri cewa nata ɗan kuskure aka samu, kada kowa ya yi dariya, na Malam za a saurara.

Ranar nunawa falo ya cika har bakin ƙofa, an aro kujeru, yara sun baje a ƙasa. Baba na can kusurwarsa da wata rediyo a cinya yana kwance bayanta. Mama ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ƙara murya, ta rage, ta kori wani yaro daga gaban allo, ta goge allon da gefen mayafi.

Shiri ya yi nisa, jirgi ya shiga hatsari, Kyaftin ya yanke shawarar shiga Rumbu ya nemi matarsa. Baƙar ƙofa ta fara buɗewa a hankali.

"Katako ne fa," Mama ta raɗa wa maƙwabciya.

Wani bango ne ya bayyana wanda ba a ganin ƙarshensa, sama da ƙasa duk fuskoki, kowace a cikin 'yar tagarta ta haske, muryoyi na tashi suna sauka. Ga tsohon nan mai lissafa 'ya'ya. Ga mai waƙar reno. Kyaftin na tafe tare da mai tsaron Rumbun, har suka iso wasu tagogi biyu da ke manne da juna, suka tsaya.

"Ga Mama! Ga Mama!" yara suka ɗauka da ihu.

Ita ce kuwa, cikin sabon ɗinkinta, ta yi kyau har ita kanta ta yarda. An juya tagarta tana fuskantar ta kusa da ita. "Malam, gyara kwalar rigarka," in ji Mama ta cikin talabijin. Gargaɗin da aka yi bai yi aiki ba, falo ya kece da dariya, tela har da faɗowa daga kujera. A tagar da ke gefe, sai ga Baba ya ɗaga hannu yana lalubar kwalarsa, don ashe da ya zauna bai gama gyarawa ba. Dariya ta ƙaru.

"Ku yi shiru!" in ji Mama. "Zai yi magana!"

Baba na cikin talabijin ya sauke hannu. Ya yi gyaran murya.

"Ke," ya ce. "Ƙofar kicin ɗin nan."

Mama ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ƙofa? A gaban duniya, a gaban tela? Wani ya fara ƙyaƙyatawa a bayanta.

"Ba turawa ake yi ba," Baba ya ci gaba, yana nunawa da hannu. "Ki kama mariƙin ki ɗaga sama kaɗan, ki sa ƙafa ki danna ƙasan. Za ta buɗe. Ba wuya. Ko ba na nan za ki iya." Ya sauke hannun. "Gyaranta ba komai ba ne. Ina son jin kiran ne."

Hasken tagar ya dusashe, ya sake kamawa. "Malam, gyara kwalar rigarka," in ji tagar farko, hannun Baba ya sake tashi.

"Su wane ne waɗannan?" Kyaftin ya tambayi mai tsaro.

"Ba wanda ya sani. Tun farkon tafiya suke nan. Kullum haka suke yi."

Suka wuce.

Ba wanda ya ƙara yin dariya. Maƙwabciya ta ja mayafi ta rufe fuska. Mama ba ta san yadda aka ƙare da Kyaftin da matarsa ba, ita da ta shekara tana jiran wannan rana. Daɗi ne ya cika mata ƙirji, irin wanda ba ta taɓa ji ba, tsoro kuma na biye da shi, don "ko ba na nan" ɗin ya zauna mata daram. Ta juya ta kalli kusurwa. Baba ya sunkuyar da kai cikin rediyonsa, yana ta juya sukundireba a kan ƙusar da ta riga ta ɗauru.

Baƙi suka watse suna ta yi mata barka. Mama, wadda ba ta taɓa barin baƙo ya fita ba tare da rakiya da ƙarin labari ba, da kai kawai ta riƙa amsawa. Ta so ta ce wa Baba wani abu. Ƙarshenta ta ce ya sha maganinsa, ya ce ya sha.

Da safe ta tashi ta nufi kicin. Ƙofa ta cije. Ta kama mariƙin, ta ɗaga sama kaɗan, ta sa ƙafa a ƙasan. Ta ji katakon ya saki, ƙiris ya rage ta buɗe. Gaskiyarsa ne, ba wuya.

Ta janye ƙafarta. Ta saki mariƙin a hankali har ƙofar ta koma ta cije yadda take.

"Malam!" Muryarta ta ɗan karye, ta gyara ta. "Malam! Ƙofar nan!"

Bai fito nan take ba, har ta dafa bango. Sai ga jan silifas daga tsakar gida, yana tahowa a hankali. Ya iso, ya kalle ta, ya kalli ƙofa.

"Ai na nuna miki," ya ce.

"Ban gane ba," in ji Mama. "Kuma ba zan gane ba. Buɗe mini."